Tsaftace ruwa da hasken UV a tafiyar daji: Wace gora ce ta dace?

Duk wanda ya ɗauki hanyar Appalachian da ke Amurka daga farko zuwa ƙarshe, zai taka kusan kilomita 3,500 a ƙafa, daga jihar Jojiya zuwa jihar Maine. Zai ratsa jihohi 14, kuma yawanci sai ya shafe wata biyar zuwa bakwai yana tafe. Abincinsa da tantinsa da bargonsa duk suna cikin jaka ɗaya a bayansa.

Ruwa ne kaɗai ba zai iya ɗaukar wanda zai ishe shi ba. Nauyin lita ɗaya kilo ɗaya ne, mai hawa da gangara da kaya a baya kuwa yakan sha lita uku ko huɗu a yini.

Dole ke nan ya sha na hanya: rafi, ƙorama, tafki, ko idon ruwan da ke tsattsafowa daga gindin dutse. Irin wannan ruwa yakan yi garau a ido, amma dabbobi sun sha a sama, wasu matafiyan kuma sun yi bahaya a kusa. Gudawa a gida wahala ce, amma a wurin da sai an yi tafiyar kwana biyu kafin a kai titin mota, tana iya zama ajali.

Cikin hanyoyin da matafiyan ke bi don kare kansu akwai wata 'yar fitila mai kama da ƙaton alƙalami, wadda ake tsomawa cikin ruwa ta haska shi na minti ɗaya da rabi. Wadda ta fi suna ita ce SteriPEN, wadda aka fara ƙerawa a jihar Maine, kafin kamfanin Katadyn na ƙasar Suwizalan ya saye ta a 2017.

Mutane kan ɓata lokaci suna kwatanta fitilu da farashinsu, sannan su ɗauki duk gorar da hannunsu ya kai. Alhali kuwa rabin aikin yana wuyan gorar.

Yadda hasken ke aiki

Hasken UV wani ɓangare ne na haske da idon ɗan'adam ba ya gani. Masana sun kasa shi uku, A da B da C. Na ukun, wato UV-C, shi ne mafi ƙarfi, kuma na rana ba ya isowa ƙasa domin sararin samaniya na tare shi. Fitilar matafiya ita ke samar da nata, ta hanyar wani siririn bututu mai tururin sinadarin makuri, wanda ke fitar da haske mai tsawon zango na nanomita 254.

Wannan haske ba ya cire ƙwayar cuta daga ruwa. Abin da yake yi shi ne ya lalata mata DNA, wato kundin bayanan da take amfani da shi ta hayayyafa. Ƙwayar da ta kasa hayayyafa a cikin hanji ba ta iya kwantar da mutum.

Ilimin ya daɗe. A 1877 wasu masana biyu a Ingila, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana bakteriya yaɗuwa. A 1910 aka kafa na'urar tsaftace ruwan sha da UV a birnin Marseille na Faransa. Yau birnin New York na da matatar UV mafi girma a duniya, wadda aka buɗe a 2013.

Abin da ya ƙara wa hanyar daraja shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium. Tana da kauri irin wanda sinadarin kulorin ba ya ratsawa cikin sauƙi. A 1993 ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a Amurka, ta kwantar da mutum kimanin 400,000. A ƙarshen shekarun 1990 bincike ya tabbatar cewa ɗan hasken UV kaɗan ya isa ya karya lagonta. Ita da 'yar'uwarta Giardia su ne manyan abokan gabar masu shan ruwan rafi. Hasken yana kuma maganin bairos, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa suke wucewa ta ramukan yawancin matatan da matafiya ke ɗauka.

Sai dai haske ba ya lanƙwasa, ba ya zagaya kwana. Inda bai taɓa ba, bai tsaftace ba. Daga nan duk maganar gora ta samo asali.

Faɗin baki

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne ko fitilar za ta shiga bakin gorar, kuma idan ta shiga, ko za a iya juya ta.

Fitilar na da wasu 'yan na'urori a wuyanta da ke gane ko tana cikin ruwa. Idan ba su nutse ba, ba za ta kama ba. Idan kuma suka fito tsakar aiki, sai ta mutu ta nuna jar wuta, a sake daga farko. An yi haka ne don kare ido da fata, domin UV-C na ƙona su. Sannan dole a riƙa juya ruwan tun daga farko har ƙarshe, kamar mai dama koko, don kowane ɗigo ya gifta kusa da bututun.

Wannan ya sa gora mai faɗin baki ta zama abokiyar fitilar. Wadda kowa ya sani a duniyar masu hawan duwatsu ita ce Nalgene, mai baki milimita 63 da ɗaukar kusan lita ɗaya. Asalinta ma abin mamaki ne. Wani masanin kimiyyar sinadarai, Emanuel Goldberg, ya kafa kamfanin a birnin Rochester a 1949 don ƙera kwantenan ɗakunan gwaje-gwaje. Ma'aikatan ɗakunan suka riƙa ɗaukar kwantenan zuwa daji saboda ba sa yoyo kuma ba sa fashewa, har kamfanin ya gane akwai kasuwa a nan. Faɗin bakinta ya zama kamar ma'auni, ta yadda masu ƙera matatai da murafu da yawa ke auna kayansu da shi.

Amma Nalgene na da nauyi, kusan giram 180 babu ruwa a ciki. Masu doguwar tafiya kuwa mutane ne da ke yanke marikin buroshin haƙori don rage kaya. Shi ya sa a hanyar Pacific Crest, wadda ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, tsawon fiye da kilomita 4,200, gorar da aka fi gani ita ce robar ruwan sayarwa ta Smartwater: doguwa, siririya, nauyinta bai kai giram 40 ba. Bakinta milimita 28 ne, irin na robar lemon kwalba, kuma matatar Sawyer na ɗauruwa a kansa daidai.

A irin wannan ƙaramin baki, ba kowace fitila ke aiki ba. Samfurin SteriPEN Ultra da Classic suna da wuya mai tsini da roba, wanda ke toshe bakin gorar kamar marfi. Sai a cusa, a kifa gorar baki ƙasa, a riƙa karkaɗa ta a hankali har lokaci ya cika. Samfurin Adventurer Opti kuwa ba shi da wannan wuya, sai gora mai faɗin baki ko tukunya. Wanda ya sayi wannan ya haɗa da siririyar roba, ya sayi kaya biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma sau da yawa ba ya ganewa sai ya tsuguna a bakin rafi.

A ganina, ga wanda UV ce babbar hanyarsa, ƙarin giram 140 na gora mai faɗin baki bai kai abin ƙorafi ba. Ta fi sauƙin cikawa a ruwa marar zurfi, ta fi sauƙin wankewa, kuma hannun da sanyi ya ƙandare ba sai ya yi ta kokawa da kifa gora ba.

Lita ɗaya, ba ƙari

An auna ƙarfin fitilar ne da yawan ruwa: daƙiƙa 48 ga rabin lita, daƙiƙa 90 ga lita ɗaya. Gorar lita ɗaya da rabi ko biyu ta wuce abin da aka gwada ta a kai. Wasu kan kunna sau biyu su ce ya wadatar, amma a doguwar gora bututun mai ɗan tsawon yatsa yana can sama, ruwan ƙasa kuma ba lallai juyawa ta ɗago shi ba.

Haka ma jakar ruwan nan ta roba mai tiyo, wadda ake sakawa cikin jakar baya ana zuƙa ana tafe. Tana ɗaukar lita biyu ko uku, tana da lunguna da naɗe-naɗe, ga tiyon da haske ba zai taɓa shiga ba. Masu amfani da ita sukan tsaftace ruwan lita-lita a gora, su juye a ciki. Idan aka taɓa zuba mata ɗanyen ruwa sau ɗaya, ta tashi daga mazubin ruwa mai tsafta har sai an wanke ta da kyau.

Gora mai layukan awo a jiki na da amfani a nan, domin mutum ya san ko rabin lita ya ɗebo ko fiye, ya danna maɓallin da ya dace.

Ɗigon da hasken bai gani ba

Ga wani wuri da ko ƙwararru kan yi sakaci. An tsoma gora cikin rafi an cika ta. Ruwan rafin ya jiƙa bakinta ta waje, ya kwanta cikin layukan da murfi ke hawa, wani ya shiga cikin murfin kansa. An kunna fitila, ta yi aikinta, koriyar wuta ta kama. Sai mai ƙishirwa ya kafa baki daidai inda ɗanyen ruwan yake.

Ɗigo kaɗan ne, gaskiya. Amma Giardia ba ta buƙatar yawa, ƙwayoyi goma kacal na iya sa mutum ciwo.

Maganin ba shi da wuya. A goge bakin gorar da layukan murfin da tsumma mai tsafta har su bushe. Wasu kuma, bayan an gama haskawa, sukan ɗaura murfin sako-sako, su kifa gorar, su bar ruwa mai tsafta ya tsiyayo ya wanke layukan. Mafi kyau shi ne kada gorar sha ta taɓa rafi ko kaɗan: a ɗebo da wani kofi ko tsohuwar roba da aka yanke, a zuba a tsanake.

Wannan ne ya sa gora mai tarkace a baki ba ta dace ba. Mai tsinken zuƙa a ciki, mai murfin da ake ɓallewa da babban yatsa, mai robar cizawa, duk suna da lungunan da ruwa ke maƙalewa. Murfi mai murɗawa, guda ɗaya, wanda za a iya ganin cikinsa gaba ɗaya, ya fi su duka.

Roba, ƙarfe ko gilashi?

Tambayar da sababbin shiga suka fi yi ita ce ko hasken zai ratsa gorar ya cutar da mai riƙe da ita. Ba ya ratsawa. Robar gora da gilashin yau da kullum da ƙarfe duk suna tare UV-C. Shuɗin hasken da ake gani ta jikin gorar haske ne na gama-gari da bututun ke fitarwa tare da wanda ba a gani. Mazubi ɗaya da aka hana shi ne na wani gilashi na musamman da ake yi da ma'adinin kwaz, domin shi yana barin hasken ya wuce, kuma da shi ma ake rufe bututun fitilar. Ba wanda zai ci karo da irinsa a shagon gorori.

Tunda duk suna da aminci, bambancin ya koma kan abin da ido ke iya gani. A gorar roba mai garau mutum na ganin ko ruwan ya dagule, yana ganin ko wani ganye ko tsutsa na yawo, yana ganin ko fitilar na ci. A gorar ƙarfe sai dai ya dogara da 'yar wutar da ke kan mariƙi. Ƙarfe na da nasa alherin: idan mai bango ɗaya ne, ana iya ɗora shi a wuta a tafasa ruwa ranar da batir ya mutu. Fulas mai bango biyu kam ba a ɗora shi a wuta. Gilashi kuwa nauyi da fashewa sun fitar da shi daga lissafi.

Kan batun roba, tun 2008 Nalgene ta daina amfani da robar da ke ɗauke da sinadarin BPA ta koma wata mai suna Tritan, wadda ke jure tafasasshen ruwa. Robar ruwan sayarwa kuwa tana motsewa idan aka zuba mata ruwan zafi.

Akwai kuma gororin da fitilar ke cikin murfinsu, irin su LARQ da aka fito da ita a 2018. Waɗannan na amfani da ƙananan fitilun LED a madadin bututun makuri, ana cajinsu kamar waya, kuma gorar kan haska cikinta da kanta duk bayan awa biyu don hana wari. Sun kawar da matsalar dacewar baki, tunda tare aka ƙera su. Amma hasken daga sama yake sauka, don haka sai an girgiza, ga nauyin ƙarfe, ga tsada. Sun fi dacewa da matafiyin da ke shakkar ruwan famfon otal fiye da wanda zai kwana bakwai a daji.

Idan ruwan ya dagule

Laka da ɓurɓushin ganye na yi wa ƙwayoyin cuta inuwa. Ruwan da ya yi launin shayi ko kunu ba na UV ba ne sai an gyara shi. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace da ƙyalle mai tsafta. SteriPEN na sayar da wani rariya mai ramuka maikiron 40 da ke zama daidai kan baki mai milimita 63, wanda kuma ke rufe layukan murfin lokacin ɗiba. Wannan wani dalili ne na zaɓen faɗin bakin da kasuwa ta saba da shi.

Ko ruwan ya yi garau, akwai abin da hasken ba ya iyawa. Ba ya cire gubar dalma ko maganin ƙwari ko man fetur. Ƙwayayen wasu tsutsotsin ciki na jure shi. Kuma ba kamar kulorin ba, ba ya barin komai cikin ruwan da zai ci gaba da gadi. Da zarar fitila ta mutu, duk abin da ya shiga ya shiga. Wasu bakteriya ma kan iya gyara ɓarnar da aka yi musu idan ruwan ya daɗe cikin haske, don haka gara a sha da wuri, ko a jefa gorar cikin jaka.

Batir kuma ba ya son sanyi, bututun na iya fashewa idan ya faɗi kan dutse. Matafiyi mai hankali kan riƙe ƙwayoyin kulorin a aljihu. Idan duk suka gaza, sai tafasawa: minti ɗaya ruwan na ɓararraka, ko minti uku a wurin da ya haura mita 2,000 daga doron teku, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke ba da shawara.

Dokar tsauni

A wasu wuraren hukuma ce ke zaɓa wa mutum gora. A tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ba a yarda a shiga da robar ruwa ta amfani ɗaya ba, saboda sharar da masu hawa suka riƙa bari. A yankin Khumbu na Nepal, hanyar zuwa gindin tsaunin Everest, hukumomin yankin sun sanar da haramcin robobin amfani ɗaya daga Janairun 2020.

A can sama, gora mai kauri da faɗin baki na yin aiki biyu. Da dare ana cika ta da ruwan zafi a saka cikin bargon kwana ta ɗumama ƙafa. Da asuba kuma ana ɗaukar ta a kife, domin ƙanƙara daga sama take fara kama ruwa, sai ta taru a gindin gorar ta bar bakin a buɗe.

Inda rana ce fitilar

Akwai hanya ta biyu ta tsaftace ruwa da UV wadda ba ta buƙatar batir ko dala ɗari, kuma a cikinta dokar zaɓen gora ta juye gaba ɗaya. Ana kiranta SODIS. Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ne ya fara nazarinta a shekarun 1980, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta faɗaɗa ta, ta yaɗa ta a ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka.

A nan hasken daga waje yake zuwa, don haka ana neman gorar da za ta bar shi ya shiga. UV-A na rana tare da zafi ne ke yin aikin. Gorar da ta dace ita ce robar ruwan sayarwa ko ta lemo, fara garau, wadda ke da lamba 1 cikin alamar kusurwa uku a gindinta, wato robar PET. Kada ta wuce lita biyu, domin hasken na raguwa da zurfin ruwa. Koriya ko mai ruwan ƙasa ba ta yi. Wadda ta kakkarce har ta yi hazo ita ma a canja ta. A ɓare takardar jikinta, a cika, a kwantar da ita a rana, zai fi kyau a kan kwanon rufi.

Awa shida ake buƙata idan rana ta fito sosai. Idan gajimare ya rufe fiye da rabin sama, sai kwana biyu a jere. Ranar da ake ta ruwan sama kuwa ba ta aiki. Gwajin tsabtar ruwan mai sauƙi ne: a tsayar da cikakkiyar gorar kan babban kanun jarida, a leƙa ta baki. Idan ana iya karanta harufan, ruwan ya isa a shanya. Idan ba a iya ba, sai an tace.

Ga mai tafiya da jaka a baya, awa shida a wuri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma gorar da ke rataye a gefen jaka tana shiga inuwa tana fita ba ta samun abin da ake buƙata. Hanyar ta fi amfani a ranar hutu a sansani. Amma ga wanda zai yini a gona ko a mashekarin kiwo a ƙasar da rana ba ta rowa, irin arewacin Najeriya da kudancin Nijar, robobi huɗu da aka shanya da hantsi sun zama ruwan sha kafin la'asar. A sha kai-tsaye daga robar da aka shanya, ko a zuba a kofi mai tsafta, kada a juye cikin randar da ake tsoma moɗa.